Taƙaitawa: lura da dabbar da ciwo ya kwantar

Ga abin da na tattaro daga bayanan masu kiwo a nan Kano:

1. Zafin jiki. Kusan kowa ya yarda taɓa kunne ko ƙaho bai wadatar ba, sai an sa ma'aunin zafi ta dubura. Akuya da tunkiya masu lafiya suna tsakanin digiri 38.5 da 40 a ma'aunin Celsius, saniya 38 zuwa 39. A watan Afrilu rana kaɗai tana ɗaga shi, don haka a auna da sassafe. Idan dabba na kwance kuma zafin jikinta ya sauka ƙasa da 38, wannan ya fi zazzaɓi tayar da hankali.

2. Bugun zuciya. A ɗora hannu a ƙirji, bayan ƙafar gaba ta hagu, a ƙirga na daƙiƙa 15, a ninka huɗu. Babbar akuya 70 zuwa 90 a minti.

3. Dasashi. A danna da yatsa, jan ya dawo cikin daƙiƙa 2. In ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa, sau da yawa tsutsar ciki ce.

4. Dabba ta daina tuƙa, kwiɓin hagu ya kumbura kamar ganga? A kira likitan dabbobi nan take.

Ra'ayin masu kiwon ya rabu kan yi wa dabbar allurar magani. Wasu sun ce a yi kafin likita ya iso, wasu suka ce tana ɓoye alamomi. Ni ina tare da na biyun.

Batun yanka kafin ta mutu ma an ja sosai, amma ba wanda ya musa cewa in jini na fita ta hanci ko dubura, kada a sa mata wuƙa.