Gona a bayan gari ba layin wuta, me zan ajiye don masu haraji su yarda noma nake?

manomin_daji:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah mazauna Amurka ku ba ni haske. Muna da fili a bayan gari a Texas, ba layin wuta ba famfo, sola da rijiya muke amfani da su, muna kiwon awaki da kaji muna ɗan sayar da ƙwai da 'yan awaki. To kusan duk cinikin hannu da hannu ne, ba wata takarda, kuma bana ina so in cike Schedule F, wato fom ɗin harajin riba da asarar gona. Me zan riƙa ajiyewa da IRS, hukumar harajin tarayya, za su yarda sana'a ce ba sha'awa ba?

Uwar_kaji:
Wa alaikumus salam. Malam ka sayi littafi yau yau ɗin nan, kullum da yamma ka rubuta kwanan wata, me ka sayar, nawa, wace akuya ta haihu, wacce ta mutu, buhun abinci nawa ya shigo. Kuɗin ƙwai kuma kar ya kwana a aljihu, ka buɗe wa gonar asusun banki nata daban ka riƙa zubawa. Sannan rasit ɗin shago mai santsin nan, wallahi in ya sha zafi a cikin mota ko kan taga fari fat yake komawa, ka ɗauke shi hoto ranar da aka ba ka.

Baban_Lissafi:
Gaskiya Hajiya ta faɗi. Abin da IRS ke dubawa shi ne ko riba kake nema da gaske, in ka ci riba shekara 3 cikin 5 to ana ɗauka sana'a ce, in ba ka ci ba ma ba shikenan ba, a nan ne littafin zai tsaya maka. Amma ka kiyaye, ɗan'uwa, abin da kuka ci a gida ba a cire kuɗin kiwonsa daga haraji, nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Takardu kuma aƙalla shekara 3, na tarakta da kayan aiki sun fi haka daɗewa.

manomin_daji:
Na gode ƙwarai. To solar fa? Ita ke ba gida wuta ita ke jan ruwan dabbobi.

Baban_Lissafi:
Rabawa za ka yi. Ka rubuta abin da famfon rijiya da firjin ƙwai ke ci, da abin da gida ke ci, kason gona kawai za ka sa, kuma ka ajiye yadda ka yi lissafin.

Makiyayi_77:
Kar ka manta harajin fili daban yake, ofishin kimanta filaye na gundumarku ke da shi, ba ruwan IRS. A Texas sai filin ya yi shekara 5 cikin 7 da suka wuce ana noma ko kiwo a kansa kafin su rage maka, don haka hotunan shinge da garke masu kwanan wata suna da amfani sosai. Ka leƙa ofishin FSA ma, wato hukumar kula da manoma ta ma'aikatar noma ta tarayya, ka karɓi lambar gona, kyauta ce.