Neman shawara: in cire sitata in bar kik kaɗai a tsohon Yamaha XS650?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na samu Yamaha XS650 ƙirar 1975, injinsa lafiya lau, ina so in mayar da shi salon kafe resa, irin wanda matasan Ingila suka yi yayi a shekarun 1960. Abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko sitata: wani lokaci sai ta yi ta ƙara ba ta kama injin ba, ga akwatin batir ya cika tsakiyar firam, ni kuwa so nake wurin ya zama fili. In cire su in dogara da kik? Na biyu kan babur. Raina ya biya da guntayen hannuwan nan da ake ɗaurewa a ƙafafun shokazoban gaba, kilif-on. Hawan yau da kullum zan riƙa yi a cikin gari, ba na ajiya ba ne.

Tsohon bakanike: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka kwance noti ko ɗaya, cire sitata daban, cire batir daban. Na'urar cajin wannan babur ba ta da maganaɗisu na dindindin. Sai batir ya tura wuta ta burushi biyu zuwa rota kafin ta fara caji, kwantak da koyil ma daga batir suke sha. Ka cire shi yau, za ka buga kik har gumi ya jiƙe ka, fulogi ba zai ba da wuta ba. In fili kake so a tsakiya, ko dai ka ɓoye ƙaramin batir a ƙarƙashin tudun kujera, ko ka sauya na'urar cajin da mai maganaɗisun dindindin, haɗe da nata regileta da kafasito, wato ɗan abin tara wuta da zai tsaya a madadin batir. Ita kuma sitata, inda ta shiga jikin injin rami ne, in ba ka toshe shi da marfi mai zoben roba ba baƙin mai zai riƙa bin ka.

Ƙarar da kake ji kuwa sananniyar cutar XS650 ce. Akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da ke riƙe giyar sitata a bayan kulochi, gefen dama. In ya saki sai giyar ta riƙa zamewa. Matse shi ko sauya shi ƙaramin aiki ne, bai kai a yar da sitata ba.

Mai son kik: Da girmamawa maigida, ni dai na ce ya cire. XS-1, samfurin farko na wannan babur da ya fito a 1970, ba shi da sitata sam, sai a 1972 aka ƙara ta. Injin 654cc ne mai fistan biyu, bugunsa ya fi na babban fistan ɗaya irin Yamaha SR500 sauƙi. Ka taka a hankali har ka ji tauri, ka bar sandar ta dawo sama, sannan ka sakar mata nauyin jikinka har ƙasa. Sai dai a saita lokacin wuta daidai, don in ya yi gaba da yawa sandar kan dawo ta daki ƙafa, kuma ba da wasa take yi ba.

Wani mamba: Hmm. A cikin gari fa ya ce. Injin ya mutu a danja, ana ta maka hon, kik ɗin XS650 kuma ba ya aiki in ka matse kulochi, sai ka lalubo firi tukuna. Ranar za ka tuna maɓallin nan.

Mai haɗa babura: Ba wanda ya taɓo kan babur, alhali shi ne zai yanke maka hukuncin sitatar. Kilif-on da matakin ƙafa na asali ba sa jituwa, jiki zai naɗe, gwiwa ta kusa taɓa gwiwar hannu. Dole ka mayar da matakan baya, kuma da zarar ka yi haka, na dama da sandar birki sukan faɗo daidai hanyar da kik ke bi. Sai ka nemi mai naɗewa ko ka lanƙwasa sandar kik. Ga kuma wuyan hannu: a babban titi iska na tallafe ƙirji, a cunkoso kuwa nauyinka duka a tafin hannu yake. Sannan in ka karya kan gaba ɗaya, hannuwan kan bugi tanki su matse babban yatsa, wayoyin totur da kulochi kuma su yi tsawo su lanƙwashe, har totur ya riƙa maƙalewa.

Ni da zan ba ka shawara, fara da miƙaƙƙen kai mai ɗan ƙasa, ko kulabman, wato kan da hannuwansa suka lanƙwaso ƙasa kamar kilif-on, mai kaurin milimita 22. Duka biyun a mariƙin asali suke zama, in bai yi maka ba ka mayar da tsohon.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan gyara sitatar in bar ta, in gwada kulabman. To ƙaramin batirin zai iya juya ta?

Tsohon bakanike: Ɗan mitsitsin da ake sa wa masu kik kaɗai ba zai iya ba. Nemi na litiyam mai ƙarfin tayar da inji, amma ka fara sauya tsohon regiletan da na zamani, ka auna cajin da mita. Kada ya wuce bolt 14.5 in ka ba injin wuta.