Haɗin gishiri da na ruwa, mi ab bambancinsu?

Ɗan Gusau: Salamu alaikum 'yan uwa, NECO na tafe kuma kemistiri na ba ni wuya. Malaminmu ya ce haɗin atom na gishiri daban, na ruwa daban, wai ayonik da kobalan, don Allah a warware mini.

Na Argungu: Wa alaikumus salam ƙanena. Ilektiron ƙananan ƙwayoyi ne masu caji da ke zagaya tsakiyar atom. Rigimar duk ta ilektiron ɗin zagayen waje ce, yawancin atom so suke nasu ya cika 8. Sodiyam ilektiron 11 gare shi, jerinsu 2, 8, 1, kulorin kuwa 17, wato 2, 8, 7, sai sodiyam ya miƙa mata ɗayan nan na waje, cajinsu ya zan kishiyar juna su manne, gishirin miya ke nan, haɗin ayonik. A ruwa ba mai ba wani kyauta, oksijin da haidirojin biyu tarayya suke a kan ilektiron, shi ne kobalan.

Anti Zuru: Gwada da batir da ƙaramin kwan fitila, tsoma wayoyin cikin ruwan gishiri kwan zai kama, a ruwan sukari, mai haɗin kobalan, ko kaɗan ba zai kama ba. Busasshen gishiri ma bai wuce da wuta, sai ya narke.

Ɗan Gusau: Na gode Anti. To wayar tagulla fa, wane haɗi ne nata?