Sun ce in zo da tsarin aikin wata uku na farko, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure min. Na gama hidimar ƙasa bara, ina zaune wurin kawuna a Agege. Wani kamfanin rarraba kayan masarufi da ke Ikeja ya kira ni intabiyu zagaye na biyu ranar Alhamis, aikin kula da shige da ficen kaya a sito. Matar da ta kira ni ta ce in zo da tsarin abin da zan yi a kwana 90 na farko idan an ɗauke ni. Na sauko da wani daga intanet, shafi shida, duk manyan kalmomin Turanci, na karanta har ƙarshe ban ga abin da zan yi ranar Litinin ta farko ba. Shekara guda ke nan ina yawon kai takardu, ba na so wannan ta kuɓuce min. Don Allah a taimaka.

Wata 'yar uwa daga Ikeja:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye shafi shidan nan. Ina cikin masu zama a teburin ɗaukar ma'aikata, irin waccan takardar tun daga layin farko muke gane ta. Shafi ɗaya ya isa. Kwana 30 na farko na koyo ne: ka san 'yan sito da direbobi da sunayensu, ka bi kwali ɗaya da ƙafarka tun daga saukarsa daga mota har fitarsa, ka ga wa ke ƙirgawa, wa ke sa hannu, a littafi ake rubutawa ko a kwamfuta. Zuwa kwana 60 ka karɓi wani ɓangare ka riƙe da kanka, ko da ƙidayar mako-mako ce. A wata na uku ka kawo gyara guda ɗaya tak, wanda ka gani da idonka. Kamfanoni da yawa wata uku zuwa shida suke ba sabon ma'aikaci na gwaji, shi ya sa suke son jin yadda za ka tafiyar da su. Kuma kada ka kuskura ka rubuta za ka rage asara da kashi kaza. Za a tambaye ka nawa ce asarar yanzu, ka rasa bakin magana.

Wani ɗan uwa daga Apapa:
Gaskiya Anti ta faɗa. Ƙarina shi ne ka sa Legas a cikin takardar. Idan kayansu ta tashar jiragen ruwa ta Apapa ko ta Tin Can suke shigowa, ka san tun 2021 sai babbar mota ta yi rajista a manhajar Eto kafin ta samu layin shiga. Ka rubuta cewa a watan farko za ka riƙa ajiye lissafin lokacin da kowace mota ta tashi da lokacin da ta iso, musamman da damina, don a san wace hanya ce ke cin rana. Manaja na ganin wannan zai san kai ba baƙon gosulo ba ne.

Wani dattijo daga kasuwar Mile 12:
Yaro, gobe ka zaga shago biyar a Agege masu sayar da kayan kamfanin nan. Ka sayi ko sabulu ɗaya, ka tambaye su: kaya na zuwa a kan lokaci? Ana kawo fasasshen kwali? Abin da suka gaya maka ka kai. Allah ya sa rabonka ne.

Wani ɗan uwa daga Idi-Araba:
Ni tsorona kada su kwashe dabararsa su ɗauki wani. An taɓa yi min.

'Yar uwa daga Ikeja:
Yana faruwa, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Amma shafi ɗaya na yadda zai koyi aiki ba abin sata ba ne. In suka ce ya tsara musu dukkan harkar sito kyauta, nan ne zai ja baya.

Mai tambaya:
Amin, na gode ƙwarai. Baba, gobe bayan Azahar zan fara da shagunan layinmu insha Allah. Anti, in buga takardar in tafi da ita, ko in faɗa da baki?

'Yar uwa daga Ikeja:
Buga kwafi uku, ka sa a fayil kada su yamutse a cikin motar haya ta danfo. Ka miƙa musu, amma kai kada ka karanta, ka yi bayani kana kallonsu. Turo min shafin daren Laraba in duba maka.