Wa ke sarautar dawa? Abin da aka tattauna

1. Mafi rinjaye sun ba zaki, manyan dawa, saboda kwarjini da ruri. An jaddada cewa a dawa yake, ba ya zama cikin kurmi.

2. Nan aka rabu. Masu goyon bayan giwa sun ce toro kan kai tan 6, zaki kuwa da wuya ya haura kilo 250, kuma shi ke kaucewa in sun haɗu a mashaya. Wasu suka ƙara da cewa zakanya ce ke yawancin farautar. Ni dai hujjar giwa ta fi kama ni.

3. Dila malamin dawa, damisa ƙi sabo, ɓauna saniyar sake: babu jayayya.

4. Tsuntsaye: jimina ko mikiya, ba a daddale ba.