Wane suna za mu ba ruwan Wikki da Hausa?

Jama'a, ina neman shawararku. Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Tudun Wadan Kaduna, kuma makon jiya darasi ya kai mu ga kalmar da Turawa ke cewa jiyotamal. Asalinta daga Girkanci ne, rabi na nufin ƙasa, rabi na nufin zafi. Da na zo yi wa yara bayani da Hausa sai na ce "ruwan zafi da ke fitowa daga ƙasa". Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wa ya dafa shi?" Tambayarta daidai ce. A wurinmu ruwan zafi shi ne wanda aka ɗora a wuta, na shayi ko na wankan mai jego.

Misalin da na ba su shi ne Wikki, a gandun dajin Yankari, ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi. Na taɓa shiga ruwan da asuba a tsakiyar hunturu. Yana fitowa daga gindin wani dutse, garau, kana hango farin yashi da yatsun ƙafarka a ƙasansa, tururi na tashi sama-sama. Ɗuminsa wajen digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina, daga nan ya gangara kogin Gaji. Wanda ya shiga ya san ba zafi ba ne, ɗumi ne, irin wanda uwa ke sirka wa jariri.

Shi ya sa nake ganin "marmaro mai ɗumi" ya fi dacewa da Wikki. Marmaro kalmarmu ce tun kaka da kakanni, ruwan da ke ɓuɓɓugowa da kansa ba a haƙa ba. Wani abokin aikina ya fi son "maɓuɓɓuga", ban ƙi ba, amma tana da nauyi a bakin yara. "Idon ruwa" kuma ya fi kama da ɗan ƙaramin wurin da ruwa ke tsattsafowa. Wanda ke tafasa har ya saɓule fata, irin na gandun Yellowstone a Amurka, shi ne "marmaro mai zafi". Turanci ma ya raba su, mu ma kada mu haɗa.

Inda na fi daɗewa shi ne jiyotamal ɗin kanta. Na fara da "zafin ƙasa", sai na tuna duk Bahaushe zai ɗauka zafin rairayi ake nufi, wanda ke ƙona tafin ƙafa da azahar a watan Afrilu. Wannan kuwa na rana ne. "Ɗumin ƙasa" zai rikice da ɗumamar yanayi da muke ji a rediyo kullum. Abin da ake nufi shi ne zafin da ke can cikin ƙasa, wanda ke ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30 a duk kilomita ɗaya da aka nutsa. Ruwan sama ya tsuma ta cikin duwatsu, ya yi nisa, ya ɗauki wannan zafi, sannan ya sami tsaga ya dawo sama. Don haka na tsaya a kan "zafin cikin ƙasa". Kalma ɗaya, "ciki", ita ta raba gardama. Kuma tana juyuwa: a Olkaria ta ƙasar Kenya da tururin ake juya injina, sai mu ce "lantarkin zafin cikin ƙasa".

Saura guda. Akwai marmaron da ke yin shiru, can ya feso ruwa da tururi sama, ya sake lafawa. Tunda mun riga mun saba da "dutse mai aman wuta", na rubuta wa yara "marmaro mai feshi" a allo, amma da alli, ban ce su kwafa ba tukuna. 'Yan'uwa na Bauchi da Alkaleri, musamman dattawa, yaya kuke kiran ruwan nan a gida? Ranar Litinin zan koma ajin.