Sikila ta kashe min ƙashi a wuyan hannu

Assalamu alaikum. Ina da sikila, SS. Wuyan hannuna na dama ya kumbura ta baya, ya ƙi lanƙwasuwa, ko butar alwala ba na iya ɗagawa. Hoton farko bai nuna komai ba, sai hoton MRI ya gano jini ya daina isa ƙaramin ƙashin tsakiya, lunate, har ya fara mutuwa.

Na sha ibuprofen har cikina ya soma zafi, an ɗaure hannun, an yi gashi, duk a banza. Likitan ƙashi ya ce a yi tiyata, likitan jini kuma yana tsoron aikin ya tayar min da ciwo. Na rasa na kamawa.

Don Allah, akwai mai sikila da aka yi wa wannan aikin hannunsa ya dawo daidai?